Cakulan Bariloche da Haƙƙin Baƙo

A kudancin ƙasar Ajantina, a gindin duwatsun Andes, akwai wani gari mai suna Bariloche, wanda ke zaune a bakin tafkin Nahuel Huapi. Samari da 'yan mata daga ƙasashe daban-daban sukan goya jakunkunansu su nufe shi, su kwana a masauki mai arha, da safe su hau dutsen Campanario su hango ruwa da tsibirai da ƙanƙara a kan tsaunuka. Da yamma kuma sai su gangaro titin Mitre, inda shagunan cakulan suke jere kamar rumfunan goro, su ɗanɗana wannan su ɗanɗana wancan, sannan su cika ciki da gasasshen ɗan rago ko kifin tafki. Tambayar da muke son mu tattauna ita ce: shin wanda ya ci, ya kalla, ya yi gaba abinsa, akwai wani haƙƙi da ya bari a baya?

Da farko dai, ba ma cikin masu ganin jin daɗi laifi ne. Mutumin da ya yini yana tafiya da kaya a baya, ƙafa ta kumbura, sanyi ya ratsa shi, idan ya sami abin zaƙi mai ɗumi ya sa a baki, to guminsa ya ci. Kuma kuɗin da ya kashe su ne abincin mai shago da mai wanke kwano. Wanda ya je irin wannan wuri ya ɗaure fuska don a ce shi mai zurfin tunani ne, bai amfani kowa ba.

Amma fa garin yana da abin da tafkin ba ya nunawa. Kafin a kafa shi a 1902, yankin mazaunin 'yan asalin ƙasa ne, irin su Mapuche da Tehuelche, waɗanda sojojin Ajantina suka kora, suka kashe, suka kama a yaƙin da Janar Julio Roca ya jagoranta daga ƙarshen shekarun 1870. Bayan an buɗe babban dandalin garin a 1940, sai aka kafa mutum-mutumin Roca bisa doki a tsakiyarsa, kuma jikokin waɗanda aka kora sun daɗe suna neman a kawar da shi. Haka nan a wannan gari ne Erich Priebke, hafsan Nazi da ke da hannu a kisan mutum 335 a kogunan Ardeatine na birnin Rum a 1944, ya zauna shekaru da dama da sunansa na gaskiya, yana sayar da kayan abinci a shago, ana girmama shi. Sai a 1994 'yan jaridar talabijin na Amurka suka tare shi a kan titi, aka miƙa shi ga Italiya a 1995. Ke nan baƙi nawa ne suka sayi nama a hannunsa, suka yaba da kyawun garin, suka tafi?

Shi kansa cakulan ɗin baƙo ne. Itacen koko ba ya tsira a ƙasar sanyi. Daga ƙasashe masu zafi ake kawo shi, kuma Turawan da suka yi ƙaura daga Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne suka bunƙasa sana'ar a garin. Mu da muka san 'yan uwanmu da suka yi ƙwadago a gonakin koko na Gana, mun san wanda ya fasa kwalɓar ya shanya 'ya'yan ba kasafai yake sanin ɗanɗanon abin da ake yi da su ba.

Wani zai ce, in har sai an binciki tarihin kowace loma kafin a haɗiye, ai yunwa za ta kashe mu, domin kuwa babu garin da ba a zubar da jini a ƙarƙashinsa ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma mun yarda matafiyi ba alƙali ba ne. Laifin Roca ba ya kan yaron da ya zo daga Japan da jaka a baya. Sai dai akwai bambanci tsakanin rashin sani da ƙin sani. Baƙon da aka karɓa a gida, aka ba shi tuwo, bai zama dole ya san rigimar gadon gidan ba. Amma idan ya ga wata tsohuwa a zaure tana kuka ya tsallake ta don kada miya ta huce, mun san sunan da za mu kira shi.

Nauyin ya fi yawa a kanmu, masu riƙe da alƙalami. Ɗan yawo na iya ci ya manta, ba a bin sa bashi. Amma duk wanda ya dawo ya zauna ya rubuta wa mutane cewa ga yadda Bariloche take, ya zama mai ba da shaida, kuma masu karatu da yawa ba za su taɓa zuwa su gani da idonsu ba. Idan ya kawo musu tafki da cakulan kaɗai, to garin da masu shaguna suke son a gani ya kawo musu. Ya rubuta zaƙin yadda ya ji shi, kada ya rage komai, sannan ya faɗi wanda ke bisa dokin nan na dandali da abin da ya aikata.