Cike Rami Kaɗai Ba Ya Sauke Nauyi

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: mutumin da ya haƙa ƙasa ya ɗebi arzikin da Allah Ya ajiye a cikinta, sa'an nan ya mai da ƙasa ya rufe ramin, shin ya fita daga haƙƙin jama'a ke nan?

A mazhabar Imamu Malik, hukuncin ma'adinai yana hannun shugaba, shi ne mai ba da izinin haƙa bisa maslahar al'umma. Fuƙaha'u kuma sun ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar mutane ba da haƙƙi ba, har wani ya faɗa ciki. Amma rijiya ido yana ganinta. Abin da ya fi wuya shi ne cutar da ba ta da launi, ba ta da wari.

A shekarar 1431 ta Hijira, watau 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa. An riƙa kai shi cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurarsa ta zauna a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Wanda ya dubi ƙasar Dareta ko ta Bagega a lokacin ba zai ga najasa ba, yana ma iya yin taimama da ita. Sai da aka ɗora mata na'urar awo ta faɗi abin da ta ɓoye. Dalma kuwa ba ta ruɓewa kamar taki. Inda ta zauna, nan za ta jira jikokin mai gida.

Yadda aka yi gyaran abin lura ne. An auna gida gida, aka kankare saman ƙasa aka kai aka binne, aka kawo wata ƙasar da aka riga aka gwada aka shimfiɗa. Likitocin ƙungiyar MSF ba su fara ba yaran Bagega magani ba sai da aikin gyara ya kankama a 2013, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma cikin ƙurar nan, aikin baya ne. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Wani zai ce ai mahaƙan ba su sani ba, kuma Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba. Wannan gaskiya ne ta fuskar zunubi, amma rashin sani ba ya kayar da biyan ɓarna a shari'a. Bayan haka, uzurin jiya ba uzurin yau ba ne. A nan Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake awon ƙasa, ga kuma Cibiyar Binciken Makamashi, wadda tun 2004 take da na'urar nukiliya da ake tantance sinadaran dutse da ƙasa da ita. Wanda ke da halin kai ƙunshin ƙasa a auna masa, ya ƙi don gudun abin da za a gaya masa, ni a ganina ya bar sahun marasa sani. Alƙalan da ma, in an yi jayayya kan aibin dabbar da aka sayar, masana abin suke kira.

Kada kuma mutanen Zariya su ɗauka zancen na masu zinariya ne kaɗai. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a Sabon Gari da Samaru, ana cike su da shara, har da matattun batura, daga baya a yanka fulotai a sayar. Mai sayar da irin wannan fili wajibi ne ya faɗa wa mai saye abin da ke ƙarƙashinsa, don ɓoye aibi algushu ne. Mai saye kuma, kafin ya gina rijiya ko ya shuka alayyahun da iyalinsa za su ci, ya kai ƙasar da ruwan a auna.