Muryar Ta Isa, Ƙafar Fa?

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:26-39

Ɗan'uwa cikin Almasihu, in ka taɓa bin hanyar Funtua zuwa Malumfashi da damina, ka san abin da zan faɗa. Manomi na tsakiyar masararsa da fartanya a hannu, rediyo kuwa tana rataye a reshen ɗorawa tana ta magana. Gidan da babu lantarki, babu mai iya karatu, za ka tarar da 'yar rediyo mai batir biyu. A 2021, da aka katse layin waya a Funtua, Bakori, Malumfashi, Faskari da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga, wayoyi sun mutu a aljihu, amma rediyo ba ta yi shiru ba.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da 'yan'uwa suka fara cewa mu haɗa baiko mu sa bishara a iska, ta shiga ƙauyukan da ba mu iya zuwa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1954 mishan ta SIM ta buɗe tashar ELWA a Monrobiya ta ƙasar Laberiya, ana ɗaukar shirin Hausa a Jos a aika can. A 1963 Lutheran suka buɗe tasu a Addis Ababa, wadda iyayenmu suka sani da suna Muryar Bishara. Gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace ta a 1977, ELWA kuma yaƙin basasa ya lalata ta a 1990. Tun 2008 tashar TWR ke watsa shiri daga Parakou a Jamhuriyar Benin. A nan gida kuwa dokar hukumar NBC ta 1992 ta hana a ba ƙungiyar addini lasisin tasha, don haka abin da ke gabanmu shi ne sayen lokaci a tashoshin da ke akwai, ko mu aika shiri waje.

Amma ba lasisi ne ke hana ni barci ba. Tambayar ita ce: idan muryata ta isa wani ƙauye, ni na isa ke nan?

Bari in faɗa maka gaskiya. Wani ɓangare na ɗokin da muke yi wa rediyo, tsoro ne ya haife shi. Ni kaina na taɓa ɗaura kaya a babur zan shiga wani ƙauye ta wajen Faskari, na ji labarin abin da ya faru a hanyar daren jiya, na juya gida. Ban ce na yi zunubi ba. Bulus ma an taɓa zuro shi cikin kwando ta bayan ganuwa don ya tsira. Sai dai na lura da yadda zuciyata ta yi sanyi da tunanin cewa ai za a iya yi musu wa'azi ta rediyo. Sanyin nan ne nake tuhuma.

Za ka ce mini Maganar Allah ba ta komawa wofi, Ruhu Mai Tsarki kuma ba ya bukatar babur. Amin, haka ne, na kuma gani da idona. A wata unguwar Maguzawa ta wajen Kafur na haɗu da wani dattijo da ya shekara da shekaru yana sauraron bishara da dare, ya san labarin Yusufu da na ɗa ɓatacce fiye da wasu 'yan majami'armu. Ba wanda ya taɓa zuwa masa. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Malam, na ji, na kuma yarda. To, ran da na mutu, rediyon ce za ta binne ni?" Ban sami amsa ba.

Dubi karatunmu na yau. Mutumin Habasha yana da littafin Ishaya a hannunsa, Maganar ta riga ta same shi a hanyar hamada. Duk da haka mala'ikan Ubangiji ya ɗago Filibus daga Samariya, inda taro ke sauraronsa, ya aike shi wurin mutum ɗaya, ya hau karusar ya zauna kusa da shi, ya amsa tambayarsa, suka gangara cikin ruwa tare. Rediyo ba ta jin tambaya. Ba ta yin baftisma, ba ta ɗora wa mara lafiya hannu, ba ta zaman makoki.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ba mu cika so a taɓo ba. Mai magana daga nesa ba shi ke biyan kuɗin maganarsa ba. Iska ba ta zaɓen gida. Abin da ka faɗa zai shiga zauren liman kamar yadda zai shiga ɗakin mai bi. Ɗan'uwanmu na ƙauye rijiyarsu ɗaya da maƙwabcinsa Musulmi, kasuwarsu ɗaya, wani lokaci kakansu ma ɗaya, a wurinsa yake aron garmar shanu. In mai wa'azi ya zauna a ɗaki mai sanyi a birni ya yi gugar zana ga addinin wani don a ce yana da wuta, zai kashe makirfo ya tafi gida ya ci tuwo. Wanda zai fito da safe ya haɗa ido da maƙwabta shi ne wancan manomin. Duk kalmar da ba za ka iya faɗa a tsaye a kasuwar Bakori ba, kada ka ba iska ta kai maka.

To, ina goyon bayan shirin, zan kuma ba da nawa baikon. Roƙona ga kwamiti shi ne, a takardar da aka rubuta kuɗin sayen lokaci, a rubuta kuɗin man babur a ƙarƙashinsa, da kuɗin horar da mutum ɗaya daga kowace unguwa da zai tara masu sauraro bayan shiri ya amsa tambayoyinsu. Inda hanya ta rufe sarai, mu tuna mutanen wurin da yawa sun gudo, suna nan cikin Funtua a kangaye da gidajen haya, tafiyar ƙafa ce tsakaninmu da su.

Dattijon nan na Kafur an yi masa baftisma da kaka ta zagayo. Har yanzu ba shi da wanda zai karanta masa Littafi Mai Tsarki ran Lahadi. Ka sa shi cikin addu'arka yau, ka kuma tambayi Ubangiji ko kai ne.