Algus Ba a Mudu Kaɗai Yake Ba

 

Yaranmu da yawa a nan Legas sun shiga harkar wasanni. Wasu ƙwallo, wasu dambe, wasu kuma da an idar da asuba sai wajen ɗaga ƙarfe kafin su fita nema. Ba mu ga laifin wannan ba. Ƙarfin jiki abin so ne a addini, kuma ya fi zaman kashe wando. Abin da ya sa muka ɗauko maganar a takardar wannan makon shi ne ƙwayoyi da alluran da ke bin bayan harkar, waɗanda ake raɗa wa yaro cewa wai sai da su ake cin gasa.

Akwai hukuma ta duniya mai lura da wannan, sunanta WADA. An kafa ta a 1999, babban ofishinta yana Kanada. Kowace shekara tana fitar da jerin abubuwan da ta haramta wa 'yan wasa, yakan fara aiki ranar 1 ga Janairu. Wasu haramcinsu na kullum ne, ko ana gasa ko ana hutu: sitiroyid mai kumbura damtse, da EPO mai ƙara yawan jini don kada mutum ya gaji da wuri, da sinadarin ƙara girman jiki, da magungunan sa fitsari, domin da su ake rage nauyi cikin gaggawa ko a ɓoye abin da aka sha. Wasu kuma lokacin gasa ne aka hana su, kamar wiwi da hodar iblis. Tun daga farkon 2024 tiramol ma ya shiga wannan sahun. I, tiramol ɗin nan da muka sani.

Ba abin sha kaɗai ba, har da dabaru. Mutum ya sa a ɗebi jininsa a ajiye, gab da gasa a mayar masa, haramun ne a dokarsu. Musanya fitsarin gwaji ma haka. Kai, ko ƙarin ruwa, in ya wuce mililita 100 cikin awa 12 kuma ba jinya ake yi a asibiti ba, laifi ne. Mu da zazzaɓi kaɗan sai mu ce wa mai kemis a rataya mana leda, sai a kula in akwai ɗan wasa a gida.

Dokar ba ta sauraron "ban sani ba". Duk abin da aka samu a jikinka, kai ne da alhakinsa, ko koci ne ya miƙo maka. A gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2014 a Gilasgo, wata yarinya 'yar Najeriya mai shekara 16 ta ci zinare a ɗaga nauyi, aka samu maganin sa fitsari a jikinta, aka karɓe lambar. Blessing Okagbare kuwa, da duk sunan da ta yi, a tsakiyar gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 aka dakatar da ita, daga baya hukuncin ya kai shekara 11. Mai ciwo na gaskiya da ke buƙatar magani irin wannan, akwai takardar izini da ake nema da shaidar likita, tun kafin a sha.

To amma 'yan uwa, mu ba tsoron gwajin fitsari ne ya kamata ya fara hana mu ba. Mun sha ji a wajen malamanmu, cikin abin da Imam Muslim ya ruwaito, yadda Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya tura hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake. Ya tambaye shi don me bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. Da yawanmu 'yan kasuwa ne, mun san wannan hadisin a kan mudu da sikeli, mun san kashedin da Suratul Muɗaffifina ta buɗe da shi. Ɗan wasan da ya tsaya a layi da allura a jikinsa, me ya bambanta shi da mai hatsin nan? Sama ƙarfin da Allah Ya ba shi, ƙasa kuma abin da ya ɓoye. Ya sa hannu a kan sharaɗi, ya saɓa, ya karɓi kuɗi da lambar da ba nasa ba.

Kuma akwai mai haƙƙi, ba iska aka cuta ba. A Olamfik ta Sidni a shekarar 2000, 'yan Najeriya huɗu suka zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 kowanne, Amurka ta ɗauki zinare. Sai a 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya yi amfani da abubuwan da aka hana. Aka ƙwace zinarensu, a 2012 aka tabbatar wa Najeriya. Amma Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun nan, ya rasu a nan Legas a watan Disamba na 2011. Ya bar duniya da azurfa a hannu alhali zinare ya ci. Malamai sun ce tuba daga haƙƙin ɗan'adam ba ta cika sai an mayar wa mai shi abinsa ko ya yafe. To a gaya mana, wannan ta ina za a mayar?

Shi kansa jikin ma amana ne, za a tambaye mu a kansa. Sitiroyid na lalata hanta da zuciya, yana iya hana namiji haihuwa. EPO na sa jini ya yi kauri har ya toshe jijiya. Tiramol in ya yi yawa yana kayar da mutum kamar mai farfaɗiya, kuma wanda ya kama ba ya sakinsa da sauƙi.

Abin da ya fi damun mu, ba daga Turai ake kawo wa yaranmu waɗannan ba. A unguwanninmu ake sayarwa, a tebur da cikin jaka, wani lokaci a hannun wanda muke haɗa sahu da shi. Ɗan dambe ya haɗiya kafin ya shiga fage don kada ya ji zafin naushi, jama'a na ta kirari, babu mai gwada kowa. Rashin mai gwaji bai halatta komai ba, wanda aka kayar ɗin ma ɗan wani ne.

Iyaye da iyayen gida, ku leƙa jakar yaran nan, ku tambayi abin da koci ke ba su. Duk robar da ba ta da suna, ko garin ƙarin ƙarfi da aka ce wai "ba komai a ciki", kada a sha sai likita ya gani. Ranar Lahadi bayan la'asar, in Allah Ya kai mu, kwamitin masallaci zai zauna da masu horar da yara da shugabannin 'yan dambe a harabar makarantar Islamiyya. Masu kemis ma muna gayyatar su.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Masallaci