Ba Kowane Ƙin Abinci Ba Ne Azumi

A Markus 5, bayan da Yesu ya ta da 'yar Yayirus mai shekara 12, ya umarta a ba ta abinci. A 1 Sarakuna 19 kuma, sa'ad da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ika bai tsauta masa ba. Sau biyu ya tashe shi domin ya ci ya sha.

Akwai ciwon da ke raba mutum da abinci alhali tukunya cike take. Ana kiransa anoreksiya, sunan da likitan Ingila William Gull ya ba shi a 1873. Mai ciwon yana matuƙar tsoron ƙiba, yana ganin kansa da jiki ko da haƙarƙarinsa sun bayyana. Ya fi kama 'yan mata, amma samari ma ba su tsira ba. Kada mu ce cutar Turawa ce kaɗai. Irin hotunan da ake kallo a waya a Landan su 'ya'yanmu ke kallo a Miri.

Abin da ya fi damuna shi ne, a gidan Kirista ciwon nan yakan fake da azumi. Yarinya ta ce azumi take yi, uwa ta yi murna wai 'yarta ta girma cikin ruhaniya. Azumi na gaskiya yana da dalili da ranar ƙarewa, mai yinsa kuma yakan buɗe baki da godiya. Amma in tana ɓoye tuwo, tana ramewa, tana jin sanyi ana tsakiyar zafi, gashi na zuba, al'ada ta tsaya, to, wannan ba ibada ba ce. Yunwar tana raunana zuciya, har takan kai ga mutuwa.

Iyaye, ba taurin kai ba ne, ba kuma maita ba. Duka da gori ba sa warkar da shi. Ku yi addu'a tare da Fasto, sa'an nan ku kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ku nemi likitan lafiyar ƙwaƙwalwa. Luka ma ai likita ne.

Kada ku ɗura mata abinci da yawa lokaci guda bayan doguwar yunwa, gama hakan yakan rikita gishirin jini ya taɓa zuciya. Likita ne zai tsara yadda za a ƙara shi sannu a hankali. In kuwa ta suma, a kai ta sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.