Mota mai tuƙa kanta: wa ke riƙe da amanar?

Mai shiga motar haya ba ya duba burki. Kuɗinsa yake biya, ya zauna, ya miƙa ransa ga mutumin da bai sani ba. Sunan wannan abu amana. To yanzu da ake gwada motocin jama'a masu tuƙa kansu a Turai da Amurka da Sin, tambayata ita ce: amanar nan hannun wa ta koma?

Masu ƙera su suna cewa na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya. Gaskiya ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, don haka duk abin da zai rage wannan asara ya cancanci a saurare shi. Amma da me za a auna? Cibiyar RAND ta lissafa a 2016 cewa sai motocin sun yi kusan kilomita miliyan 440 ba su kashe kowa ba, kafin a ce sun kai direban Amurka kiyaye rai. Wa zai zauna ciki kafin lissafin ya cika? Talaka mana, wanda ba shi da motar kansa.

Dubi abin da ya faru a Las Vegas a 2017. Ranar farko da aka saki wata ƴar bas mai tuƙa kanta, babbar mota ta yo baya ta goge ta. Bas ɗin ta gani, ta tsaya cik, shi ke nan iyakar dabararta. Akwai ma'aikaci ciki, amma abin tuƙin hannu yana ajiye inda ba ya kai gare shi da sauri. A Tempe kuwa, a 2018, motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata mai tura keke. Ma'aikaciyar da ke bayan sitiyari aka gurfanar, kamfanin bai fuskanci tuhumar laifi ba.

Ni a ganina, alƙaluma kaɗai ba su isa shaida ba. Mai sayar da mota bai kamata ya zama mai auna lafiyarta ba, don ba a ba kura ajiyar nama. A fito da bayanan kowane haɗari fili. Kuma tun kafin fasinja na farko ya hau, a rubuta sunan wanda zai amsa tambaya in rai ya salwanta. Na'ura ba ta jin kunya, ba ta zuwa gaisuwar mutuwa. In ba a sami mai amsawa ba, motar ta dakata a gareji tukuna.