Wa Ke Tuƙin, Kai ko Motar?

A shekarar 2013 kamfanin Porsche na Jamus ya fito da sabuwar 911 GT3, motar da masu son gudu suke ji da ita fiye da sauran 'yan uwanta, kuma ya fito da ita babu kulocin takawa. Abin takawa biyu ne kawai, totur da birki. Giya kuwa motar ce ke canza wa kanta, in direba ya so ya taɓa wani ɗan ƙarfe a bayan sitiyari da yatsa, ita ta ƙarasa aikin. Hujjar injiniyoyin ita ce babu hannun ɗan Adam da zai kamo wannan na'ura a sauri, kuma gaskiya suka faɗa. Duk da haka masu saye suka yi musu ca. A 2016 kamfanin ya ƙera 911 R mai giya shida ta hannu, guda 991 kacal, aka wawashe su. A 2017 ya mayar wa GT3 kulocinta ga mai so. Alƙaluman kamfanin da kansa sun nuna cewa mai canza wa kanta giya tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin sakan 3.4, ta hannu kuwa sai 3.9.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Mutum ya zuba dukiya ya sayi motar da ba ta da wani abin tinƙaho sai gudu, sannan da hankalinsa ya zaɓi wadda ta fi nawa da rabin sakan. Ko dai wauta ce ta masu kuɗi, ko kuma akwai abin da yake nema wanda agogo ba ya aunawa. Ni na fi karkata ga na biyun.

Asalin abin daga filin tsere ne. A 1989 John Barnard ya zana wa Ferrari motar Formula 1 da ake canza mata giya daga sitiyari, Nigel Mansell ya ci tseren farko na shekarar da ita a Rio de Janeiro ta Brazil. A 1997 dabarar ta fito titi a cikin Ferrari F355. Daga baya wadda ta fi ta ta iso titi, giya mai kuloci biyu: ɗaya yana riƙe da lamba ɗaya, uku, biyar, ɗayan kuma biyu, huɗu, shida, ta yadda kana cikin lamba uku ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai dai wannan kuloci ya saki wancan ya kama. Ƙarfin inji ba ya yankewa daga tayoyi. Volkswagen ta sa ta a Golf R32 a 2003, Porsche ta sa tata a 911 a 2008. Lamborghini ta yi ban kwana da giyar hannu lokacin da ta daina ƙera Gallardo a 2013, Corvette ta Amurka ta bi sahu a 2020.

Ba na cikin masu raina otomatik. Wanda ya taɓa shiga cunkoson Nyanya zuwa Mararaba da yamma, ƙafarsa ta hagu tana kan kuloci har gwiwa ta yi tsami, ya san rahama ce. Dattijo mai ciwon ƙafa da ya ci gaba da kai kansa masallaci da asibiti saboda ita ma ya sani. Kuma a filin tsere, inda manufa ɗaya ce, a riga kowa isa, wanda ya ƙi ta ya zaɓi faɗuwa. Addininmu ma bai yabi wahala don kanta ba. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya yi bayani a cikin Muwafaƙat cewa bawa ba ya nufin wahalar kanta don neman ƙarin lada, aikin yake nufi, in wahala ta biyo baya a ba shi ladanta. To idan masoyin giyar hannu wahala kawai yake so, ba shi da hujja ko ta hankali ko ta shari'a.

Sai dai ina ganin ba ita yake so ba. Aristotal, wanda malaman falsafa na Musulunci suke kira malami na farko, ya raba ayyuka gida biyu. Akwai wanda ake yi don abin da zai haifar, kamar gini, wanda in gida ya tsaya aikin ya ƙare kuma da za a sami gidan ba tare da ginin ba an huta. Akwai kuma wanda amfaninsa yana cikin yin sa. Tafiya daga Kano zuwa Kaduna don ɗaurin aure tana cikin kashin farko, isa ake so. Amma wanda ya fito da GT3 da sassafe ya nufi hanyar dutse mai yawan kwana, babu inda za shi. Zai dawo gida inda ya tashi. Tuƙin shi ne abin da ya fito yi, kuma duk wani ɓangare na tuƙin da na'ura ta karɓe masa, ta rage masa abin da ya fito nema, ko da ta yi shi fiye da yadda zai yi.

A Peugeot 504 ta kawuna, haɗin Kaduna, na koyi mota, kuma abin da ya fara koya mini shi ne saurare. Yakan ce, “Ɗana, bar kallon allura, inji zai faɗa maka.” Gwanayen direbobin tsere na da sun kai wannan sauraro maƙura. In sun tunkari kwana da gudu, yatsun ƙafar dama suna kan birki, ƙafar hagu ta taka kuloci, gefen ƙafar dama ɗin dai ya ɗan zunguri totur don inji ya ɗaga murya ya yi daidai da ƙaramar giyar da hannu ke shirin sakawa, sannan a saki kuloci. Gaɓoɓi uku, abin takawa uku, cikin abin da bai kai sakan ɗaya ba. In an dace motar ba ta ko girgiza. In an kuskure tayoyin baya su ƙwace. Akwai hoton bidiyon Ayrton Senna yana yin haka a Honda NSX a filin Suzuka na Japan, an saita kyamara a kan ƙafafunsa, kuma har yau mutane suna kallonsa saboda ƙafafun, ba don a san minti nawa ya yi ba.

Mu nan mun san irin wannan. Injin buga littattafai yana fitar da Alƙur'ani dubbai babu kuskuren wasali ɗaya, amma har gobe a Borno da Kano alaramma yana zama da tawada da alƙalamin kara ya rubuce shi da ka. Ban haɗa darajar wannan da wasan mota ba, nesa ba kusa ba. Abin da na ɗauko kawai shi ne, babu wanda ke cewa alaramma ya ɓata lokacinsa don inji ya fi shi sauri, domin kowa ya gane abin da rubutun yake tabbatarwa yana cikin ƙirjin marubucin.

Kuma abin da ya sa aikin ya zama nasa shi ne yana iya kuskurewa. A nan ne na fi tsayawa. Mota mai giyar hannu tana iya mutuwa a hannunka a tsakiyar mahaɗa, kana iya saka lamba biyu a inda kake nufin huɗu ka lalata inji. Wannan yiwuwar ita ce ke ba canjin da ya yi kyau ma'ana. Inda ba za a iya zarginka ba, ba za a iya yabonka ba. Haka muka fahimci hisabi ma: ana tambayar mutum ne a kan abin da yake da zaɓi a kai. Na'urar da ta ɗauke maka kuskure ta ɗauke har da ikon ka ce ni na yi.

Shi ya sa abin da Hyundai ta yi a Ioniq 5 N a 2023 ya fi damuna a kan kowace otomatik. Motar lantarki ce, ba ta da giyoyin da za a canza. Sai aka tsara kwamfutarta ta riƙa kwaikwayon giya takwas, ta ɗan fizgi direba kamar an canza, lasifika kuma tana fitar da kukan injin da babu shi. Waɗanda suka tuƙa ta sun yaba, na kuma yarda tana da daɗi. Amma direban yana jin kamar yana yin wani abu alhali ana yi masa wasan kwaikwayo ne. Giyar Porsche mai kuloci biyu ba ta ɓoye komai, ta karɓi aikin a fili. Na fi girmama ta.

Akwai cuta kuma a ɓangaren da nake goyon baya, ba zan rufe ta ba. Da 911 R ta fito, wasu sun saye ta sun kulle a gareji, suka sayar da ninkin kuɗinta ba tare da ta ga titi ba. Giyar hannu ta soma zama kayan alfahari. Gordon Murray ya bayyana T.50 a 2020, injin V12 mai juyawa har sau 12,100 a minti, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, giya shida ta hannu, guda 100 kawai. Mota ce da aka ƙera don a tuƙa, kuma duk wadda ta ƙare a ƙarƙashin mayafi tana jiran farashi ya hau an zalunce ta. Wanda ya sayi kuloci don a ce yana da shi riya yake yi, kuma mai otomatik da ke fita da tasa kullum ya fi shi kusa da tuƙi.

Yawancinmu ba za mu taɓa zama a kujerar GT3 ba, amma tambayar ta riga ta iso ƙofar gidajenmu, don motocin da ake shigowa da su yanzu galibi otomatik ne, kuma samari da yawa suna karɓar lasisi ba su taɓa taka kuloci ba. Idan akwai tsohuwar mota mai giyar hannu a gidanku, kada ku yi saurin rabuwa da ita. Ku kai yaran fili, maza da mata, su koya a kanta tukuna, ta mutu musu su tayar, kafin ku miƙa musu makullin otomatik.