Ba Mai Rufe Maka Bodar Bayan Ɗaki

Ku 'yan dako da 'yan acaɓa da yaran mota da ke wuni a Magama, da ku iyayenmu mata da ke cikin gida, da ku nake. Ba sai an faɗa wa mutumin Jibiya abin da rufe boda ke nufi ba. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe tamu ba sai Afrilun 2022. Ba mu gama sauke numfashi ba sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake datse hanyar Ɗan Isa da Maraɗi. Gonar daji kuwa kowa ya san abin da ya hana mutane da yawa zuwa. Tukunyarmu ta koma jiran sa hannun wani a Abuja ko Yamai. To, wannan ɗan fili mai taku biyar da ke bayan ɗakinka, wa zai rufe maka shi?

Na san amsar da za a ba ni: bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙasa ta yi fari fat, jarkar mai ga-ruwa ta ƙara kuɗi. Gaskiya ne. Ga madatsar ruwan Jibiya nan a kan kogin Gada, amma ba kowa ke da fili a ƙarƙashinta ba. Sai dai ku bi kogin nan da ido. Yana tsallaka iyaka ba fasfo ya zama Gulbin Maraɗi, kuma a Jiratawa 'yan'uwanmu na noma zogale har ya zama sana'ar da ke ciyar da gidaje. Rana ɗaya ce ke dukanmu da su. Ba su fi mu hannu ba.

Ruwan da kuke cewa babu, yana fita ta rariya kullum. Ruwan alwala sau biyar, ruwan wankin shinkafa, tsarin gero: a tara a bokiti, ban da mai omo ko gishiri. Kada a yi ban ruwa da rana tsaka, a bari sai asuba ko bayan la'asar sakaliya, kuma a gindi za a zuba. A yi fangali mai zurfi kamar akushi, a sa ruɓaɓɓen takin awaki, a lulluɓe da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa don rana ta daina lashe laima. Inna, tsohon tulun nan da ke yoyo, kada ki yar. Binne shi har wuya, ki cika shi, ki rufe bakin, ki shuka kewaye da shi. Zai riƙa shayar da saiwa a hankali kina can kina daka.

Kuma a daina taurin kai da tumatir a tsakiyar zafi, furensa zubewa yake yi. Kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, alayyafo da zogale su ne 'ya'yan bazara. Miya ake nema, ba a neman wanda zai yi gasa da manoman Kadawa.

Wanda ya ce shi dai sai tumatir, to ya san abokin gabarsa. Tsutsar nan da manoma ke kira Sharon daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla Sifen a 2006, a 2016 ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare. Tsutsar kuma cikin ganye take shiga, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, shi ya sa feshi ke wucewa ta kanta tana ƙoshi. Mai kadada goma ba zai iya bin ganye ɗaya-ɗaya ba. Kai mai gindi ashirin za ka iya, kuma nan ka fi shi. Duk ganyen da ka ga farin tabo kamar an kankare, tsinke shi ka binne da zurfi ko ka ƙone. Da dare ka rataye tocila bisa roba mai ruwa da ɗan sabulu, da safe ka ƙirga gawarwaki. Inda tumatir ya tashi, kada tumatir ko gauta su gaje shi.

Darɓa da ke manne a bayan ganyen kuɓewa maganinta na inuwar da kuke zama. A tsinci 'ya'yan bedi, a daka, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da yamma har ƙarƙashin ganye. A maimaita bayan mako, domin bedi ba ya kisa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi. Tsohon gidan sauro ya isa ya tsare iri daga fara da ƙadangaru da kajin maƙwabta. Akuya kam sai darni mai ƙarfi, ba ta jin nasiha. Amma don girman Allah kada a kai piya-piya kan ganyen da yara za su ci gobe.

Wani zai yi dariya ya ce ƙato da kai kana rainon yakuwa. Bar shi. Ranar da mota ba ta shigo ba, ba dako, ba fasinja, uwargida za ta zagaya bayan ɗaki ta tsinko abin miya ba tare da ta aika yaro cin bashi ba. In ya yi yawa a shanya, busasshiyar kuɓewa da zogale ba su yin kwantai a kasuwar Jibiya.

Malam, in ka tashi daga tasha yau, biya ta gindin bedi ka cika aljihu. Fartanya na nan inda ka jingine ta tun kaka. Bokitin alwalar magariba shi ne ban ruwa na farko.